Na sayi eksfoze a wurin mai rubuta wa ƴan lakwal aiki a Damagaram

Kan hanyar da ke fita daga cikin gari zuwa jami'a akwai wani shago, ɗaki guda da rumfar kwano a gabansa. A ciki kwamfuta biyu ne, da injin foto-kopi, da ƙaramin gurup da ake tayarwa in kuran ya ɗauke. Allon da ke bisa ƙofa buga takarda da ɗinke ta kawai ya ambata, kuma wannan aikin suna yin sa da kyau, zan zo kansa. Amma cinikin da ya fi kawo kuɗi ba a rubuta shi bisa allo ba, cikin waya yake. Mai shagon yana da zaure a WhatsApp inda ƴan lakwal ke tura masa taken aikin da mushe ya ba su, su biya, ya mayar musu da shi a game, sa suna kawai ya rage. Ba zan faɗi sunansa ko na shagon ba. Yaro ne mai neman abincinsa, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'a a Damagaram ba.

Ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, na daɗe a kai, daga koleji har lise. Bana na raba wa yarana eksfoze, wato aikin bincike da ake rubutawa a gabatar gaban aji, rukuni-rukuni a kan shigowar Faransawa ƙasarmu da yadda aka tare su. Da takardu suka dawo sai ga rukuni biyu na aji dabam-dabam, yaran da ko unguwa ba su haɗa ba, waɗannan daga Garin Malam, waɗancan daga Sabon Gari, sun kawo aiki iri ɗaya sak, har harafin da aka buga ba daidai ba wuri ɗaya yake. Na kira wata yarinya daga cikinsu a keɓe, ba ta ɓoye mini komai ba, ta nuna mini zauren a wayar yayarta. Na ce kafin in yanke wa abin hukunci, gara in shiga in saya da kuɗina kamar kowa, in ga me ake sayar wa ɗiyanmu.

Da rana zauren shiru yake, amma daga bayan isha'i saƙonni sai zuba suke yi. "Don Allah wa ke da disartasiyon a kan ƴanci, gobe za a karɓa." "A taimaka mini da eksfoze kan gurgusowar hamada, shafi biyar." "Yaya, na turo kuɗin, ka duba." Wasu da Faransanci suke rubutawa, wasu da Hausa, akasari kuma murya suke turowa, kuma in ka saurari muryar ba lalaci za ka fara ji ba, tsoro za ka ji. Yaro ne dare ya yi masa, gobe za a kira sunansa gaban aji, ba ya da layi ɗaya a kaye. Yaran kan tura wa juna tsofaffin ayyukansu kyauta, wanda ya wuce aji ya bar wa na baya. Mai shagon yana kwashe waɗannan yana ajiyewa, in wani ya nemi take mai kama da shi sai ya sake bango ya sayar. Wani sashe na hajarsa ke nan yaran ne suka ba shi da hannunsu.

Farashi a fili yake, ya liƙa shi a saman zauren. Eksfoze na koleji jaka biyu, wato sefa 2000, in kana so a buga a ɗinke ka ƙara ɗari, wato sefa 500. Disartasiyon ta filo, wato falsafa, ko ta Faransanci jaka da rabi. Rapor na staj na ƴan jami'a daga jaka goma sha biyar abin da ya yi sama. Memwar kuwa ya ce sai an zauna. Ta waya ake biya, rabi kafin a fara, rabi in an gama. Taken da na tura masa shi ne daular Damagaram da zuwan Turawa, daga Sarki Tanimun zuwa 1926. Da gangan na zaɓi abin da ya shafi garinmu. Fada tana nan, kufan ganuwa yana nan a Birni, tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna nan da ransu. In mutum zai iya yin aiki mai kyau a kan wani abu, a kan wannan ya kamata ya iya.

Ta wajen sauri da ladabi ba ni da ƙorafi. Ya amsa sallamata nan take, ya tambayi aji nawa, shafi nawa, ko mushe ya ce a sa hotuna. Na tura da daddare, kafin azahar washegari aiki ya shigo. Bango mai kyan gani, Jamhuriyar Nijar a sama, wurin sunan lakwal, wurin sunayen ƴan rukuni, hoton ƙofar fadar sarki a tsakiya. Shafi shida, da gabatarwa, da sassa uku, da kammalawa, da jerin littattafai a ƙarshe. Uban da bai yi boko ba, in ɗansa ya miƙa masa wannan, zai ce kuɗinsa ba su faɗi ƙasa banza ba.

Sai na zauna da jan bik.

Shafi na biyu ya ce Damagaram tana cikin masarautun da suka karɓi tuta daga Sakkwato bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wannan ya wuce tuntuɓen alƙalami, an juya tarihin ne baki ɗaya. Damagaram Barno take kai wa gaisuwa, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, kuma tsakaninta da Kano yaƙi aka sha gwabzawa har ƙarshen ƙarni na 19. Yaron da aka cusa wa wancan zancen ba zai gane me ya sa fadarmu take da sarautu masu sunan Barebari irin su Kaigama da Ciroma da Ballama ba, ba kuma zai gane me ya sa iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar mu wannan ɓangaren ta bar Kano wancan ba. Duk abin da zai koya daga baya bisa karkataccen tushe zai ɗora shi.

Shafi na uku ya ce Sarki Tanimun ne ya sa aka kashe Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa. Tanimun ya rasu a 1884. Cazemajou a 1898 aka kashe shi nan Zinder, wato garin Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara 14 ke tsakani. Kuma Kuran Daga ba ɓoyayyen suna ba ne a garin nan, babban lisenmu sunansa yake ɗauke da shi, dubban yara sun bi ta ƙarƙashin allon da aka rubuta shi. A shekarar da ta biyo, 1899, sojojin Faransa suka iso, aka kara a Tirmini yamma da gari, aka ci Damagaram, kuma a shekarar aka kashe sarkin. Takardar da na saya ba ta ambaci Tirmini ko sau ɗaya ba. Cewa ta yi Faransawa da yarjejeniya suka shiga garin. Mutanen da suka zubar da jininsu a wannan fili an shafe su da jimla ɗaya, kuma ɗan Damagaram ne zai tsaya gaban ƴan'uwansa ya karanta musu haka. Wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo.

Shi kansa Tanimun da aka ba shi shafi guda cur, babu komai nasa a ciki. An ce sarki ne mai hangen nesa, ya bunƙasa tattalin arziki, ya ƙarfafa soja, ya kawo zaman lafiya. Ka cire sunansa ka sa na kowane sarki a duniya, zancen zai zauna daram. Ba a ce shi ya kewaye Birni da ganuwa ba. Ba a ce a zamaninsa maƙera a nan garin suna ƙera igwa ba. Ba a ambaci ayarin da ke ƙetare hamada zuwa Tarabulus ba, ballantana Bajamushen nan Heinrich Barth da ya sauka nan a ƙarshen 1852. Waɗannan su ne abubuwan da ke sa yaro ya ɗaga kai ya saurara, su ne kuma mushe ke nema in zai ba da maki.

Kammalawar ce ta tabbatar mini ba wanda ya karanta aikin kafin a turo. Ta ce Zinder ta ci gaba da zama babban birnin Nijar har samun ƴancin kai a 1960. A 1926 aka mayar da hedikwata Yamai, kuma wannan shekarar ni da kaina na rubuta ta cikin taken da na tura, tana nan ɓaro-ɓaro bisa bangon da ya buga. Bango na cewa 1926, shafin ƙarshe na cewa 1960.

Jerin littattafan ma haka. An jera sunaye da shekaru da gidajen buga littafi, gwanin sha'awa, amma biyu daga ciki na bincika iyakar iyawata, marubutan da littattafan duka babu su, ƙirƙira ce. Littafin da ya kamata ya zo farko kuwa, wanda André Salifou ya rubuta a kan Damagaram ta ƙarni na 19, ya fito a 1971, ba ya ciki. Mutumin nan ɗan garin nan ne, jami'ar da shagon ke kan hanyarta sunansa aka sa mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarshen 2022 manhajojin nan masu rubutu da kansu suka bazu, ka ba su take su zubo maka shafuka cikin daƙiƙu da Faransanci mai santsi. A kan abin da aka yi rubuce-rubuce da yawa kansa sukan yi daidai. A kan gari irin namu, da abin da aka rubuta game da shi bai taka kara ya karya ba a intanet, in ba su da abu sai su cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, da murya ɗaya da ta gaskiyar. Wanda ya san fannin zai iya amfani da su ya tace. Mai shagon ba ya tacewa, kwafa yake yi ya manna.

Ranar da rukunin yarinyar nan suka tsaya gaban aji, ita aka ba wa sashen tsakiya. Takardar tana rawa a hannunta, tana bin layi da ɗan yatsa, in ta zo kan doguwar kalma sai ta rage murya ta haɗiye rabinta ta wuce. Ƴan baya sun fara surutu. Na ce mata, "Ɗiyata, aje takardar nan. Faɗa mini da Hausa, wane ne Kuran Daga?" Ta yi shiru, ta dubi ƙasa, can ta ce, "Mushe, kakata takan ce shi ne sarkin da ya ƙi bin Nasara, har suka kashe shi." Ajin ya yi tsit. Wannan jimla guda da ta kawo daga gida ta fi abin da ke cikin shafukan da suka biya gaskiya, kuma ba ta san tana da ita ba, domin an sa mata a rai cewa ilimi shi ne abin da aka buga aka ɗinke. Kuɗin da ta ba da nata kason kuwa na karin kumallonta ne ta riƙa tarawa.

Wani ɗan tarminal ya nuna mini disartasiyon ta filo da ya saya wurin, na kai wa abokin aikina mai koyar da filo. Ya ce siffa ta cika, akwai gabatarwa da matsala da ra'ayi da kishiyarsa da haɗawa, amma tambayar da aka yi ba ita aka amsa ba, kuma an jingina wa wani masani maganar wani. Ya ce in shi ne bai wuce 7 bisa 20 ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yaro ya shekara yana kawo aikin gida mai 14 da 15, iyaye su saki jiki, ranar bak, jarrabawar gama lise, a karɓe waya a ƙofa a ba shi farar takarda, ga shi bai taɓa gina tsarin amsa da kansa ba ko sau ɗaya. Ya ce mini, "Malam, zanen aro ba ya rufe katara."

Na je shagon da kaina da takardar a hannu, duk jan bik. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Saurayi ne mai natsuwa, ya gama lisans bai samu aiki ba, ƙannensa na kansa. Na nuna masa wuraren ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ƙanena, ka karanta wannan kafin ka turo mini?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mushe, aikin ya yi yawa, in lokacin kwampozisiyon ya zo ba na ko barci." Na ce to ka san yaro zai haddace wannan ya tafi da shi brebe, jarrabawar gama koleji? Ya ce, "Wallahi Mushe ni ba na tilasta wa kowa. Su ke roƙona, in ban yi ba wani zai yi." Kuɗi ya ce ba a mayarwa, amma gyara kyauta ne. Ya kuwa cika alkawari, da yamma ya turo sabo. Wuraren da na ja wa layi ya gyara, wuraren da na bari da gangan ban nuna ba suna nan yadda suke.

A nan ne aibin wannan ciniki yake, kuma ko mai shagon ya fi haka kirki ba zai kau ba. Garantinsa gyara kyauta ne, amma sai wanda ya san kuskuren zai nemi gyara, wanda ya san kuskuren kuwa tun farko ba ya bukatar saye. Mai saye na gaskiya, yaron da bai sani ba, shi ne ba ya da hanyar gane an cuce shi sai ranar da mushe ya mayar masa da takarda, ko ranar da sakamako ya fito.

Na tambaye shi ko yana da tsarin da yaro zai kawo abin da ya rubuta da hannunsa, su zauna tare, ya nuna masa inda ya karkace, ya koya masa yadda ake fitar da tsari, sannan a buga. Ya ce wannan awa guda zai ci a kan yaro ɗaya, kuma ba wanda zai biya. Na ce masa ni zan biya wa ƴaƴana, kuma na san iyaye da yawa da za su biya in sun san akwai. Yana da ilimin yin haka, na ji yadda yake magana. Ya ce zai yi tunani.

Ban ɗora wa yaran laifin duka ba. Yaro ya taso gida da Hausa, ko Barbarci, ko Fillanci, ya shiga aji maƙil da mutane, ya iso koleji Faransancinsa bai nuna ba, littafi ɗaya ana rububinsa, sannan a rubuta masa take bisa tablo a ce ya kawo shafi biyar ranar Litinin, ba a taɓa nuna masa yadda ake farawa ba. Akwai malamai a cikinmu da suke cewa dole aiki ya zo a buge a ɗinke, kuma bango suke ba wa maki. Duk mushen da ke haka shi ke tura wa shagon nan ciniki. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, ko da yake jarrabawa har yanzu da Faransanci ake rubuta ta. Ba abin da ya hana malami ya ce wa yaro ya rufe takarda ya yi bayani da harshen da ya iya na minti biyu. Nan take za a san na wane ne aikin.

Mahaifiyar yarinyar ta zo lakwal da ta ji labari, hankalinta a tashe. Ta ce, "Mushe, ni ma na cika mata kuɗin, ta ce mini na buga takarda ne." Na ce, "Hajiya, ba ƙarya ta yi miki duka ba, an buga ɗin." Iyaye su riƙe wannan lissafin: buga shafi shida da ɗinke shi a shagon nan bai kai jaka ba. In yaro ya nemi jaka biyu ko fiye da sunan buga eksfoze, a ce ya kawo buruyon da ya rubuta da hannunsa a gani. Ko ba ka iya karantawa ba, ka san rubutun hannun ɗanka.

Ɓangaren buga takarda kuwa, kamar yadda na ce, ba ni da abin kushewa. Foto-kopi dala biyar shafi, bugawa baƙi da fari dala goma, mai launi ya fi haka. Tawada tana fita sosai, ba sa tsuke ta, kuma ɗinkinsu ba ya warwarewa cikin jaka. Yarinyar da ke buga rubutun hannu tana da haƙuri, in ba ta gane kalma ba takan tambaya maimakon ta yi cinta, in kuma rubutun Hausa ne ka gaya mata tun farko ta sa haruffa masu lanƙwasa, tana da su. A je da safe, domin da rana in kuran ya ɗauke suka tayar da gurup sukan ƙara kuɗi kaɗan, ga layi. A tafi da kile, wato ɗan abin ajiyar rubutu da ake soka wa kwamfuta, mai tsabta, a kuma duba jerin shafuka kafin a huda, don in an huda ba a sakewa kyauta. Yarana zan ci gaba da tura su can don wannan, da buruyon da na riga na gani na sa wa hannu a kowane shafi.